A Mayar da Ƙaguwa Cikin Ruwa

Arita, 9 ga Satumba

Zuwa ga uwargidana Fusae,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙarfin jiki? Yaya ɓarin hagun, ko ya fara jin motsi? Mu nan zafi ya ƙi tafiya, sai da sassafe ne iska take ɗan sanyi. Kanyar bayan gida ta yi 'ya'ya har reshe ya sunkuya kan katanga.

Michiyo, na san ke ce mai karanta wa uwarki, tunda idonta ya daina ɗaukar rubutu. Ki karanta duka, kada ki tsallake inda na taɓa ki. Rubutuna na yara ne, aji uku na yi aka cire ni aka kai ni aiki, ki yi haƙuri da shi. Maganar in rufe gida in dawo wurinku Kokura in zauna a hawa na bakwai, na ji, kuma amsar tana nan yadda take. Waya ma ki daina bugowa, ba abin da nake ji a ciki sai ƙugi.

Fusae, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya na dawo daga wurin mai aski sai na bi ta Gidan Gada, tsohon wurin aikinmu. Sun kafa allo a ƙofa, wai duk mai so ya shigo ya gwada zanen tangaran da hannunsa, awa ɗaya, a gasa masa a aika masa har gida. Ɗakinmu na aiki suka share suka jera tebura. Wurin da kika zauna shekara arba'in da tara kina ciko, kina cike zane da launi, yanzu injin sayar da lemo ne a tsaye. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsayar da ni shi ne farantin da suka jingina a taga don baƙi su kwaikwaya. Farantin ƙaguwa ne, namu. Amma sun fito da ita daga ruwa! Ga ta nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar faranti, ƙafafu a baje, kamar wadda aka dafa aka ajiye wa baƙo.

Michiyo, ke ba ki taɓa kula da aikinmu ba, bari in gaya miki. A farantin gaskiya ƙaguwar tana ƙarƙashin ruwa, a gindin kara. Marigayi Kuniharu ne yake zana ta da siririn layi maras duhu. Uwarki ta bi ta kanta da ruwan shuɗi sau uku: na fari kamar hayaƙi, na biyu ya ɗan fi shi, na uku a gefe kawai inda inuwar kara ta faɗi. Ni kuma in ja zobe biyu a bakin faranti. Mutum sai ya yi wata guda yana cin kifi a kai, kafin wata rana ya ce, kai, ashe akwai mai kallona a ciki. Hannu uku ne, kowa da nasa, ba mai taɓa na wani.

Na shiga na tarar da Kazuyo, jikar tsohon maigida, wadda gidan yake hannunta yanzu. Ta yi furfura, Fusae, yarinyar nan da take sace mana alewa a aljihu. Na ce, "Kazuyo, wa ya fitar da ƙaguwa?" Ta ce, "A'a, Baba Torazo! Sannu da zuwa, zauna a kawo shayi." Na ce ban zo shan shayi ba. Ta ce hoton bugawa ne ake mannawa, inji ba ya iya ruwa uku, kuma baƙi suna so su ga abin da suke zanawa. "In ba su gan ta ba, Baba, sai su ce an yaudare su." Na ce to ki canja mata suna, ki ce dafaffiyar ƙaguwa. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Michiyo ta rubuto mini cewa hannunki na dama lafiyarsa lau, likita ya ce ciwon bai taɓa shi ba, amma kin ajiye shi a cinya, ko tsinken cin abinci kin ƙi ɗauka, sai an ba ki a baki. Ni na san dalili. Ba a ba shi aiki ba, me zai tashi yi?

To ki saurara. A cikin masu farantin nan ni da ke muka rage. Zan kawo miki faranti da zane a kai, da ƙaguwa a inda ya kamata, ki rufe ta da ruwa. Ko guda ɗaya ne a yi shi daidai kafin mu ma a kai mu tanderun ƙona gawa. Na sa sunana a ajin baƙin nan na ranar Laraba. Shekara hamsin da shida na yi ina kallon hannun Kuniharu, ba kara ɗaya da ban san tsayinsa ba.

Ki gaida mijin Michiyo. Ki ci abinci.

Mijinki,
Torazo


Arita, 15 ga Satumba

Fusae,

Ina gaishe ki, ina tambayar kwananki da cin abincinki. An yi ruwa kwana biyu, gwiwata ta gaya mini tun kafin ya sauko. Tulun kayan tsaminki na danne shi da dutse yadda kike yi, kada ki sa shi a rai.

Na je. Zan faɗi yadda aka yi ba ragi, ko da yake da so samu ne Michiyo ta toshe kunne.

Mu goma sha biyu ne. Akwai ango da amarya daga Osaka, da wasu mata uku masu hula iri ɗaya, da wani tsohon direban bas daga Kumamoto mai suna Araki, wanda ya zo wankan ruwan zafi a Ureshino saboda ciwon baya. Shi aka zaunar kusa da ni. Aka rataya mana rigar leda a wuya kamar jarirai za a ba su kunu. Kowa faranti ɗaya mai gashin farko, burushi biyu, da ɗan kasko na gosu, baƙin garin nan da wuta take mayarwa shuɗi. Na tsoma yatsa na shinshina. Da ruwan famfo suka dama shi! Na fito da kwalbar shayin da na dafa ya kwana uku, na tsiyaya. Kazuyo ta hango ni ta ce, "Baba, ba a shigowa da abin sha." Na ce ba ni zan sha ba, gosu ne zai sha. Araki ya ce, "Tsoho, ka taɓa yi ne?" Na ce na ɗan leƙa.

Na nemi faifan juyi. Wai ba a ba baƙi, alhali ga shi can a lungu an ɗora masa tukunyar fure. Na sauke furen. Na ɗora faranti, na ƙwanƙwasa shi sau biyu ya zauna tsakiya, na juya, na ɗauke numfashi, na sauke bakin burushi. Zobe biyu, Fusae, ba mai nuna miki inda suka fara. Kowa ya ajiye burushi ya leƙo. Amaryar ta zunguri mijinta ta ce, "Ka gani ko? Kai ko curin shinkafa ba ka iya mulmulawa daidai." Suka yi ta ɗaukar hoto. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Sai na zo kan kara.

Kin san farantin gashin farko yadda yake da ƙishi, kafin ka ɗaga hannu ya shanye, ba gogewa. Ina ganin karan a idona, goma sha ɗaya, na uku daga hagu a karye. Ina ganin yadda Kuniharu yake jefa wuyan hannu. Na jefa nawa. Abin da ya fito tsutsa ce. Na biyu ya lanƙwashe yana neman komawa inda ya taso. Na uku ma haka. Ashe hannun nan nawa zobe kawai ya sani, duk layin da na fara sai ya so ya rufe. Kuma ashe ni ban taɓa tafiyar da burushi ba a rayuwata, faranti ne yake tafiya, ni ina tsaye. Ban taɓa lura da haka ba sai ranar Laraba, ina da shekara tamanin da huɗu, da rigar leda a wuya.

Ƙaguwar kuwa kada ki tambaya. Araki ya leƙo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gizo-gizo ne ko? Ya yi kyau." Na ce ya kula da gabansa. Na saci kallon nasa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana murɗa sitiyari, karansa ya fi nawa miƙewa.

Da aka tashi Kazuyo ta zo da takarda in rubuta inda za a aika. Na ce kada a ɓata wuta a kan wannan. Ta rage murya ta ce, "Baba, ka huta mana. Zobenka ya isa abin alfahari." Na ce zobe ba faranti ba ne.

Na sake sa sunana na mako mai zuwa. Michiyo, na ji abin da za ki ce tun daga nan, ki bar shi a cikinki.

Ki kwana lafiya, tsohuwa.

Torazo


Arita, 23 ga Satumba

Uwargida,

Barka da shigowar sanyi. Da fatan Michiyo ta fito miki da rigar ulun nan mai ruwan toka, kin san kafaɗarki ba ta son iska. Ni lafiyata lau.

An kore ni.

Ga yadda aka yi. Araki ya dawo shi ma, wai matarsa tana son faranti biyu. Aka raba kaya, aka yi bayani, sai aka kira Kazuyo ofis a waya. Na duba ɗakin, mutum goma sha biyu kowa ya duƙufa yana fama shi kaɗai, kowa yana son ya zama Kuniharu da ke da ni a awa ɗaya. Yaushe aka taɓa yin faranti haka a garin nan? Na tashi na zagaya ina duba hannaye. Wata ma'aikaciyar jinya daga Nagasaki tana da hannu mai sanyi, ƙananan abubuwa ba sa ba ta tsoro. Wasu 'yan'uwa mata biyu ba su iya layi ba, amma ba sa gaggawa. Na buga tebur na ce, "Jama'a, kuna son faranti ko kuna son abin da za ku ɓoye a bayan kabad?"

Na jera su. Araki kara kawai. Mai jinya ƙaguwa kawai. Wani ɗan kasuwa ganye. 'Yan'uwan nan ciko. Sauran su miƙa, su dama gosu, su wanke burushi. Ni ina ƙarshe da faifaina. Faranti ya fara tafiya daga hannu zuwa hannu. Fusae, da kin ji ɗakin! Araki yana ihu, "Mai ƙaguwa, kin tare hanya, fasinja suna jira!" Ita tana cewa, "Direba, karanka ya sha giya, dubi yadda yake tangaɗi!" Rabona da jin hayaniyar nan tun kafin gashina ya zube. Aikin ba kyau, kada ki zaci wani abu, cikon duk dabbare-dabbare. Amma na goma ya fi na fari nesa ba kusa ba.

Sai wani mai ɗamarar wuya ya miƙe ya ce shi wanne ne nasa? Ya zo ne ya yi wa 'yarsa da hannunsa. Muka duba, ba wanda ya san na wani. Wata kuma ta fara share ido, wai ita kyanwarta da ta mutu ta zo zanawa. Ana cikin haka Kazuyo ta shigo. Ta yi ta sunkuyawa tana ba da haƙuri har na ji tausayin bayanta. Da suka watse ta ce, "Baba Torazo, ina ganin girmanka, amma kada ka sake sa sunanka. Mutanen nan ba ma'aikatanka ba ne." Na ce ai ni ma ba nawa ba ne, na faranti ne. Ta ce, "Ƙofa tana can, Baba." Mai kyanwar na ba ta haƙuri a waje, wannan kam laifina ne.

Amma ga abin da na gani, kuma saboda shi na rubuto. Tana cikin faɗan nan, farantin da Araki bai gama ba yana hannunta, akwai kara ɗaya da ya bari. Ba ta ma san ta yi ba. Ta ɗauki burushi ta jefa wuyan hannu, fyat, ta ajiye, ta ci gaba da yi mini faɗa. Fusae, karan Kuniharu ne. Sai na tuna ai shekara shida ta yi a gefensa kafin mahaifinta ya rasu a ɗaure ta a kujerar ofis. Ni na manta, ita ma ta so ta manta.

Na yi ta neman hannu a cikin baƙi, ashe yana nan yana amsa waya.

Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Naki,
Torazo


Arita, 12 ga Oktoba

Fusae tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan. Yaya barci, yaya tari? Na ji an ce kin tambayi ko ina cin abinci. Ina ci. Ke ce ba ki da bakin tambaya.

Na yi shiru kwana biyu saboda ina bakin aiki. An hana ni shiga, amma ba a hana ni dutsen da yake ƙofar gida ba, wannan na hukuma ne. Kullum ƙarfe takwas ina kai, da ɗan turminki da kwalbar shayi, ina niƙa gosu har azahar. Ba na ce wa kowa komai. Baƙi suna tsayawa suna hoto. Ɗan sandan unguwa ya zo ya duba, ya ce, "Kaka, me ake dafawa?" Na ce shuɗi. Ya sara mini ya wuce.

Rana ta huɗu Kazuyo ta aiko da matashin zama. Na mayar. Rana ta tara ta fito da kanta, hannu a ƙugu, ta ce, "Baba, mutane sun zaci ɗaukar ka na yi kana yi mini talla. Me kake so?" Na ce kara goma sha ɗaya da ƙaguwa ɗaya. Ta ce ba ta iya ba. Na ce na ga hannunki. Ta ce tsautsayi ne. Na ce to a sake tsautsayin sau goma sha ɗaya.

Ta zauna a ƙasa kusa da ni, da kayan ofis ɗinta. Ta ce, "Shekara ashirin da biyar ban zana komai ba sai sa hannu. In na yi ya ɓaci, kai za ka gani, kuma na san ka, za ka faɗa." Na ce zan faɗa mana, wa kike so ya faɗa, injin lemo? Ta ce littafin zane na gidan ma ruwa ya cinye shi shekarar ambaliya, ba ta tuna yadda karan suke jeruwa. Na nuna mata goshina na ce ga littafi nan, ruwa bai kai nan ba. Sannan na gaya mata maganar hannunki. Ta ɗauki turmin ta shafa gosun a bayan hannunta, ta ce, "Ya yi laushi. Ka zo ranar Litinin, ba baƙi."

Haka muka yi, ni ina faɗa tana zanawa. Na fari dogo, ya jingina dama. Na uku ya karye a gaɓa ta biyu, kan ya sunkuya ya taɓa ruwa. Na bakwai da na takwas sun gitta. Ƙaguwa tana gindin na tara, ƙafa biyar kawai ake gani, ido ɗaya yana kallon mai cin abinci. Farantin farko da ta yi na ce karan tsoro ne. Na biyu na ce ƙaguwar ta yi ƙiba. A na huɗu ta jefar da burushi ta ce, "To karɓi ka yi, sarkin zobe!" Na ce da na iya da ban zauna miki a ƙofa kwana tara ba. Guda shida suka ɓaci, kuma duk wanda ya ɓaci ita take ɗauka ta kai tudun fasassu na bayan gida ta fasa da hannunta, don na tuna mata dokar gidan: aikin da ya ɓaci ba ya kwana, kuma mai laifi shi ke fasawa. Ta ce an daina wannan tun zamanin babanta. Na ce ni ba a gaya mini ba.

Na bakwai, ranar Laraba, na duba na duba ban sami abin faɗa ba. Na ja zobena. Ta ce, "Na ga ka yi shiru, Baba." Na ce shirun nan shi ne yabon, Kuniharu ma iyakar abin da ya samu ke nan.

Sai kuma ta kawo wata. Wai farantin da ba a gasa ba ba ya tafiya, yatsa ɗaya ya goga zanen ya tafi, maiƙon hannu ya hana ƙyalli kamawa. A kawo ki nan. Na ce mace mai rabin jiki za a ɗauko daga hawa na bakwai, faranti yana zaune? Kafin a yi kwali da me aka kai tangaran ɗin garin nan bakin teku? Na je wurin masu girbi na roƙi karan shinkafa, na kifa wani faranti a kansa yadda baki ya haɗu da baki ba abin da ya taɓa ciki, na naɗe na ɗaure irin ɗaurin da. Ko daga gada aka jefa shi ba zai ji ba.

Ina tafe ranar Asabar, jirgin ƙasa na safe, in canja a Hakata. A cinyata zai zauna.

Na san abin da kike cewa a ranki tun wasiƙar farko. Ciko ba aikin hannu ɗaya ba ne. Dama tana matsa ƙaton burushi ruwa ya taru, hagu ce take karkata faranti ruwan ya bi inda ake so. Kina zaton ban sani ba? Mako uku ke nan kullum bayan cin abinci ina zuba shayi a tsohon faranti ina karkata shi, ina tafiyar da ɗigon daga kara zuwa kara. Da farko tabarma ta sha shayi. Yanzu da sauƙi. Ni ne hagunki, ke dai ki ba da umarni.

Michiyo, a matsar da tebur gaban taga, hasken safe take so, ta hagu. Kada a sa mata rigar leda.

Sai na iso.

Torazo


Arita, 7 ga Nuwamba

Zuwa ga Fusae, mai ciko ta Gidan Gada,

Ina gaishe ki gaisuwar aiki. Yaya gajiya, yaya yatsu? Babban itacen nan na cikin gari ya zama ruwan ɗorawa, ganye ya rufe hanya. Michiyo ta ce ranar Talata kin ƙwace cokali daga hannunta kin ce tana zubar miki da miya. Madalla. Ki ci gaba da ƙwacewa.

Michiyo, kina wurin aiki ranar da aka yi, kuma uwarki ba za ta ba ki labari ba, don haka ki ji daga bakina. Na kwance kara na ajiye mata faranti. Ta kalle shi har shayina ya huce. Na ɗora burushin a cinyarta, ta kau da kai. Na ce to shi ke nan, ni zan cike, na tsoma shi a gosu na ɗago yana ɗiga. Ban kai rabin hanya ba na ji an fizge. Kalmar farko da na ji ta fito tsaf daga bakinta tun ranar da ta faɗi ita ce, "Wawa." Na kama faranti ina karkatawa, sai ta ce, "Ƙasa. Ƙasa na ce, kurma! Wa ya ce ka yi numfashi?" Sau biyu ta ƙwale ni da gindin burushi a yatsa. Ruwan fari ya tafi kamar hazo. Muka jira ya sha. Na biyu ya bi shi. Ina kallo ƙaguwa tana nutsewa a hankali.

Yanzu labarin wuta. Jiya aka buɗe tanderu, ina tsaye. Kazuyo ta fito da shi da kanta, ta riƙe shi da tsumma ta kai bakin ƙofa wurin haske. Fusae, ruwa ne. Ruwan kogin nan ne a watan biyar. Wani mai jera kaya a tanderu, shekararsa goma sha biyar a gidan, ya karɓa ya duba ya ce, "To ina ƙaguwar da ake ta magana?" Muka ƙyale shi. Yana shirin ajiyewa sai ya yi tsalle ya ce, "Kai! Tana kallona!" Kazuyo ta juya baya tana gyaran abin da bai lalace ba.

Amma akwai tabo. A gindin kara na biyar, baƙi-baƙi, kamar ƙwayar wake. Kin san daga ina ya zo, na ga kin harare ni a lokacin. A ruwa na uku ne. Kin ɗan fito da kan harshenki ta gefen baki, yadda kike yi tun kina 'yar shekara goma sha tara a kujerar da take fuskantar tawa. Na ɗaga ido na kalle ki. Hannuna ya tsaya, ruwan ya kwanta wuri ɗaya na numfashi guda. Kafin gashi ba ya nunawa sosai, na ce ko wuta za ta rufa mini asiri. Ba ta rufa ba.

Kazuyo ta ga tabon. Ta sa mini farantin a hannu ta ce, "Baba, layina lafiya, cikon Inna Fusae lafiya. Wannan na mai karkatawa ne. Ni dai shida na fasa." Ta nuna mini hanyar bayan gida, ta biyo ni tana taku ɗai-ɗai, ma'aikata uku a bayanta.

Na tsaya a kan tudun. Ƙarƙashin ƙafata akwai nawa da na fasa ina yaro, akwai naki, akwai na Kuniharu, ba wanda ya taɓa roƙon a yafe masa. Ni da bakina na tayar da dokar nan wata ɗaya da ya wuce. Na ɗaga shi sama da hannu biyu. Ya daɗe a sama. Sannan na sauke shi na sa a cikin riga na ɗaure ɗamara.

Kazuyo ta ce, "A'a, Baba, yaya haka? Ina doka?" Na ce tabon nawa ne, ku kawo guduma ku fasa mini yatsa in kuna so. Amma ruwan nan uku ba nawa ba ne, hannun da ya yi su wata bakwai yana kwance a cinya, ba zan jefa su a juji ba. Ta ce, "Wannan kuma wace doka ce?" Na ce sabuwa ce, yanzu aka yi ta, kuma duk mai ja ya zo ya cire shi daga rigata. Ba wanda ya matso. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tunda tabo ya hana shi zama na taga, sai a yi wani. Ashe ta riga ta zana uku a ɓoye. Na duba, ɗaya karansa na bakwai ya yi gajarta, na gaya mata. Biyun ba laifi, na ja musu zobe.

Ranar Asabar ina tafe. Mai tabon naki ne, a kansa za ki ci kifi, da hannunki. Ɗanyun biyu suna cikin kara a ɗaure. A yanke miki farce, a dafa shayi tun ranar Laraba ya kwana. Wannan karon ko me za ki yi da harshenki, ba zan kalle ki ba.

Ki gaida yaran.

Hagunki,
Torazo